Tun Daga Laraba: Lissafin Gane Kamfanin da Zai Kasa Biyan Bashi, da Darasin Masaƙun Kaduna

A shekarar 2002 injinan Kaduna Textiles Limited, wato KTL, suka tsaya bayan shekara 45 suna saƙa. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya Finetex da Nortex da Arewa Textiles suka bi sahu, sannan a 2007 babbar cikinsu, UNTL, ta sallami ma'aikatanta. Galibin masaƙun nan a wajen Kakuri suke, amma masu cin abinci daga gare su sun bazu a duk kudancin kogin Kaduna, daga Makera zuwa Nasarawa, daga Tirkaniya zuwa Kudenda. Kowace masaƙa da ta rufe ta bar bashi a baya: na banki, na masu kawo auduga, na hukumar lantarki, da na ma'aikatan da ke bin albashi da giratuti. Su ma ma'aikatan akwai masu bin su: mai gidan haya, mai shago, da matar da ke sayar da abinci a bakin get tana rubuta suna sai ƙarshen wata.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, wadda ba za ta yi kyau ba fa? Akwai fannin ilmi guda da aka gina domin amsa wannan tambayar: a duba alƙaluman kamfani a yau, a faɗi yiwuwar ya kasa biyan bashinsa nan da shekara ɗaya ko biyu. Fannin ya kusa shekara ɗari, kuma bankunan da muke ajiya a cikinsu da shi suke aiki. Yana da kyau mu san inda ya samo asali, da abin da yake iya gani, da abin da ya sa bai tsinana wa kudancin Kaduna komai ba a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Kafin zuwan alƙaluma

Auna mai karɓar bashi tsohuwar sana'a ce a wurinmu. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda cinikin shanu yake tafiya a can. Falke ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigidansa. Mahautan Yarbawa ba su da kuɗin biya nan take, sai an yanka an sayar. Saboda haka bashi ake ba su, maigida ne kuma yake tsayawa: idan mahauci ya gaza, shi zai biya baƙonsa. Wannan ya sa dillalan maigida suke bin diddigin kowane mahauci: nawa yake yankawa, wa yake binsa, ya taɓa saɓa alkawari ko bai taɓa ba. Wanda ya ci amanar dillali ɗaya, kafin wani lokaci duk kasuwa ta rufe masa ƙofa. Haka kamfanonin Turawa suka yi da cinikin gyaɗa a Kano: suna ba manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu a ƙauyuka, kowa ya san wanda zai iya amince wa.

Addini ma bai bar batun a sake ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Littattafan fiƙihun Malikiyya da aka karanta a zaurukanmu suna da babi a kan wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, da yadda alƙali zai raba abin da ya rage tsakanin masu bi.

Wannan tsari yana aiki ne muddin an san mutum, an san gidansu, ana haɗuwa da shi a masallaci. Kamfani mai ma'aikata dubu biyar, mai hannun jari a hannun gwamnatoci da baƙi, ba shi da fuskar da dillali zai karanta. Abin da yake da shi littafin lissafi ne.

Amurka ta ci karo da wannan matsalar tun da wuri. Bayan karayar kasuwa ta 1837, wani ɗan kasuwa mai suna Lewis Tappan ya buɗe ofis a Niyok a 1841, yana tattara rahoto a kan 'yan kasuwa daga wakilai a garuruwa daban-daban. Abraham Lincoln, kafin ya zama shugaban ƙasa, yana cikin lauyoyin da suka yi wa ofishin wannan aiki. Rahotannin ba su bambanta da na dillalan Sabo ba: wane yana da riƙon amana, wane mashayi ne, wane ya auri 'yar masu kuɗi. A 1909 John Moody ya fara ba takardun bashin kamfanonin jirgin ƙasa maki da haruffa. Har zuwa lokacin dai hukuncin ƙwararre ne, ba lissafi ba.

Daga Beaver zuwa Altman

Lissafi ya shigo ne ta hanya mai sauƙin fahimta: a tara kamfanonin da suka mutu, a tara waɗanda suka rayu, a duba inda littattafansu suka bambanta. Paul FitzPatrick ya gwada haka da 'yan kamfanoni kaɗan a 1932. A 1966 William Beaver ya ɗauki kamfanoni 79 da suka durƙushe tsakanin 1954 da 1964, ya haɗa kowanne da wani mai irin sana'arsa da girmansa wanda bai durƙushe ba. Ya gano cewa alama mafi ƙarfi ita ce yawan kuɗin da ke shigowa kamfani a shekara idan aka gwada shi da dukan bashin da ke kansa, kuma bambancin yana fara bayyana tun shekara biyar kafin faɗuwa.

Beaver alama ɗaya-ɗaya yake dubawa. A 1968 wani matashin malami a Jami'ar Niyok, Edward Altman, ya haɗa alamomi da yawa a ma'auni guda. Ya aro wata dabarar ƙididdiga da Ronald Fisher ya fito da ita a 1936 domin rarrabe nau'o'in furanni ta hanyar awon ganyensu. Altman ya ɗauki masana'antu 66, rabinsu sun karye tsakanin 1946 da 1965, rabi suna raye. Daga alamomi 22 ya tace biyar, ya ba kowace nauyinta.

Ta farko, jarin juyawa, wato kuɗin hannu da kaya da bashin da kamfani ke bin mutane bayan an cire abin da zai biya cikin shekara. A raba da dukan kadararsa, a ninka da 1.2. Ta biyu, ribar da ya tara tun kafuwarsa bai rabar ba; a raba da kadara, a ninka da 1.4. Ta uku, ribar bana kafin a cire kuɗin ruwa da haraji. A raba da kadara, a ninka da 3.3. Ta huɗu, darajar hannun jarinsa a kasuwa. A raba da dukan bashinsa, a ninka da 0.6. Ta biyar, cinikin shekara; a raba da kadara, a bar shi yadda yake. Idan aka tara biyar ɗin, abin da ya fito shi ake kira makin Z. Kamfanin da ya haura 2.99 yana cikin aminci. Wanda ya gaza 1.81 yana bakin rami. Tsakaninsu kuwa sai a sa ido.

A kan kamfanonin da ya gwada, ma'aunin ya faɗi daidai a kashi 95 cikin ɗari idan saura shekara ɗaya a faɗi, da kashi 72 idan saura biyu. Daga shekara uku zuwa sama bai fi canki-canka ba. Duk da haka abin ya karɓu, domin akanta mai takarda da biro zai iya lissafa shi cikin minti goma.

Waɗanda suka zo bayansa sun yi gyare-gyare. James Ohlson a 1980 ya yi aiki da kamfanoni 105 da suka karye da 2,058 da ba su karye ba, ya fito da hanyar da take ba da amsa a matsayin yiwuwa: wannan kamfanin kashi 3 cikin ɗari, wancan kashi 40. Robert Merton a 1974 ya bi wata hanyar dabam: kamfani yana gazawa ne ranar da darajar kadararsa ta faɗo ƙasa da bashinsa, don haka a auna tazarar da ke tsakanin biyun da kuma yadda farashin hannun jarinsa yake hawa da sauka. Kamfanin KMV ya mai da wannan tunani sana'a, har Moody's ya saye shi a 2002. A 2001 Tyler Shumway ya nuna cewa ya fi kyau a bi kowane kamfani shekara bayan shekara, kamar yadda likitoci ke bin marasa lafiya, maimakon a ɗauki hotonsa sau ɗaya. Yarjejeniyar Basel ta biyu a 2004 ta ba manyan bankuna damar amfani da irin wannan lissafi wajen tantance jarin da za su ajiye saboda tsaro. Yau kwamfuta ce take koyon alamomin da kanta daga dubban bayanai. Amma tushen bai canja ba tun zamanin Beaver: ma'aunin daga gawarwakin kamfanonin baya yake koyo.

Akwai wani tarko da ya kamata mai karatu ya sani. Altman ya yi rabi da rabi, alhali a zahiri kamfanonin da ke faɗuwa a shekara kaɗan ne. A ƙaddara banki yana da kamfanoni 1,000, ashirin daga ciki za su gaza, ma'aunin kuma yana yin daidai kashi 95 cikin ɗari. Zai kama 19 daga cikin ashirin ɗin. Amma zai kuma shafa wa lafiyayyu 49 baƙin fenti. Cikin 68 da ya nuna wa yatsa, 19 ne kawai masu ciwon gaske. Bankuna sun yarda da wannan ne saboda kuskuren biyu ba farashinsu ɗaya ba. Altman da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 1977 cewa ba da bashi ga wanda zai gaza ya fi hana wanda zai biya tsada har ninki 35. Wannan lissafin banki ne. A wurin lafiyayyen kamfanin da aka hana bashi da ma'aikatansa, lissafin dabam ne.

Idan aka ɗora masaƙa a kan ma'aunin

Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna ce ta kafa KTL a 1957 tare da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila. UNTL ta zo a 1964 da jarin Cha Chi-ming na Hong Kong, Arewa Textiles kuma da jarin Japanawa. Tsarin a fili yake: auduga daga gonakin Funtuwa da Gusau da Zariya, ruwa daga kogin Kaduna, layin dogo a Kakuri, da kariyar kwastan daga yadin waje. A nan aka kafa hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda Adams Oshiomhole, tsohon ma'aikacin Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982. Da fili ya fara ƙaranci, masana'antu suka miƙa yamma zuwa Kudenda, inda aka samu kamfanin fulawa da na kwalba da na giya a gefen titin baifas.

Bari mu ƙaddara wata masaƙa, domin misali kawai, mai kadarar naira 100. Jarin juyawarta 20, ribar da ta tara 15, ribar bana 12, cinikinta 150, bashinta 50, hannun jarinta a kasuwa 60. Makinta 3.07 ne, tana cikin aminci, kowane banki zai yi maraba da ita. Sai dai wani kaso na bashin nan a dala yake, domin sinadarin rini da kayan gyaran inji daga waje ake sayo su. Naira ta faɗi, bashin ya koma 80. Ribar da ta tara ta zama asarar 15, jarin juyawa ya ƙare, ribar bana ta koma 2 saboda tsadar mai, ciniki ya sauka zuwa 110 saboda atamfar waje ta cika kasuwa, hannun jari ya faɗo 24. Makinta yanzu 1.14. Manajan bai canja ba, ma'aikata ba su yi lalaci ba, kuma ma'aunin bai yi ƙarya ba a shekarar farko. Abin da ya buge ta ba ya cikin alamomi biyar ɗin.

Abin da ya faru a zahiri bai yi nisa da haka ba. Kafin watan Satumba na 1986 naira ɗaya tana kusan daidai da dala ɗaya. Da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, cikin shekara guda dala ta kai kusan naira huɗu, zuwa 1993 ta kai 22 a farashin gwamnati. Wutar NEPA ta zama sai an yi sa'a, masaƙu suka koma janareta. Baƙin man da suke dafa tukwanen tururi da shi daga matatar Kaduna yake fitowa, matatar kuma ta shiga ciwon yau da gobe. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, da aka dawo da shi kuma fasa-ƙwauri ta riga ta yi hanya ta Kwatano da Maraɗi zuwa Kantin Kwari. A Janairun 2005 tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya ya ƙare, yadin ƙasar Sin ya mamaye ko'ina, wani ma da zanen masaƙunmu a jikinsa. Rikice-rikicen Kaduna na 2000 da 2002 suka ƙara raba gari da ma'aikata. Rashin iya gudanarwa da tsofaffin injina ma sun taka tasu rawar, musamman inda gwamnatoci ke da mallaki, kuma wannan ɓangaren ne ma'auni irin na Altman zai iya hangowa: shi ya sa wasu suka riga wasu faɗuwa. Amma dukansu rami ɗaya suka nufa.

Masana ƙididdiga sun san wannan matsalar. Oldrich Vasicek, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka kafa KMV, ya nuna tun 1987 cewa haɗarin banki bai tsaya ga yiwuwar faɗuwar kowane kamfani shi kaɗai ba. Abin tsoro shi ne su faɗi tare. Bankin da ya ba masaƙu biyar na Kakuri bashi yana ganin ya rarraba ƙwansa a kwanduna biyar, alhali kwandunan a kan jaki ɗaya suke. Turawa ma sun sha wannan darasi a 2008, lokacin da bashin gidaje na Amurka ya rushe gaba ɗaya, bankin Lehman Brothers kuma ya karye ranar 15 ga Satumba yana riƙe da maki mai kyau daga kamfanonin tantancewa.

Akwai cikas na biyu. Alama ta huɗu ta Altman da dukan hanyar Merton suna buƙatar farashin hannun jari da ake cinikinsa kullum. A wancan lokacin UNTL tana kasuwar hannun jari ta Legas, amma yawancin masana'antun Arewa ba sa ciki. Altman ya fitar da wasu nau'o'in ma'aunin domin kamfanonin da ba sa kasuwa da na ƙasashe masu tasowa, sai dai su ma da bayanan wasu ƙasashe aka gina su. Sauran alamomin kuwa sun dogara ne da littafin da aka rubuta da gaskiya, aka bincika a kan lokaci.

Bankuna da jerin sunaye

Ta ɓangaren masu ba da bashi ma labarin bai fi haka daɗi ba. An kafa hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, a 1988. Sai a 1990 Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa bankuna su ware bashin da ya daina biyuwa, su daina lissafa kuɗin ruwansa a matsayin riba. A 1994 gwamnatin Abacha ta yi dokar soja a kan bankunan da suka karye, a Janairun 1998 kuma aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. Yawancin bashin da ya kashe su daraktoci da abokansu ne suka ci. Babu lissafin da zai hana mai banki ba wa kansa bashi. Garambawul ɗin Charles Soludo na 2004 da 2005 ya rage bankuna daga 89 zuwa 25. Bank of the North, wanda masana'antu da gwamnatocin Arewa suka daɗe suna jingina da shi, ya narke cikin Unity Bank.

Ranar 14 ga Agusta 2009, Sanusi Lamido Sanusi, wanda sana'arsa a banki ita ce auna haɗarin bashi, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420. Bayan 'yan kwanaki Babban Banki ya wallafa sunayen manyan masu bashi a jaridu. Wannan hanyar dillalan Sabo ce, tona asiri a kasuwa, ba ta Altman ba. A 2010 aka kafa AMCON domin ta saye ruɓaɓɓun basussuka daga bankuna.

Kudancin Kaduna ya ga aikin AMCON ido da ido. Kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kakuri, PAN, wanda ya fara aiki a 1975, an sayar wa 'yan kasuwa da shi a 2006. A lokacin motocin tokumbo sun cika ƙasa, gwamnati kuma ta rage sayen motocin ofis. Bashin banki ya yi masa katutu, a 2012 AMCON ta karɓe shi, ba ta sayar ba sai 2020. A Kudenda kanta, a 2009 gwamnatin tarayya ta ba General Electric da Rockson Engineering kwangilar gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 215, domin ta farfaɗo da masana'antun yankin. Shi ma Rockson bashinsa na banki ya ƙare a hannun AMCON, aka kuma shiga taƙaddama a kan man da tashar za ta sha. Shekara goma ta wuce masana'antu ba su ga wutar da aka yi musu alkawari ba. Tashar da aka gina domin ta ceto masu bashi, ita ma matsalar bashi tana cikin abubuwan da suka dabaibaye ta. UNTL ta sake buɗewa a 2010 da rance daga asusun naira biliyan 100 da aka ware wa auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu, amma ba ta koma girmanta na da ba, domin wuta da fasa-ƙwauri suna nan inda aka bar su.

Inda muke yau

An samu ci gaba a wajen tara bayanai. A 2009 aka ba kamfanoni uku lasisin adana tarihin bashin mutane da kamfanoni. A 2014 lambar BVN ta zo, a 2017 aka yi dokar musayar bayanan bashi da ta jinginar da kadara mai motsi, daga 2018 kuma ƙa'idar lissafi ta duniya ta wajabta wa bankuna su ƙiyasta asarar da suke tsammani tun kafin ta auku, tare da la'akari da halin tattalin arziki. Bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, su ma suna buƙatar wannan lissafi, domin wanda aka sayar wa kaya a kan biya daga baya yana iya gazawa kamar kowa.

Shekarar 2023 ta sake gwada ma'aunin. Da aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. MTN Nigeria da Nestlé Nigeria sun bayyana asarar da ta cinye jarinsu a takarda. Wasu alamomin Altman sun yi ja, amma kamfanonin ba su faɗi ba, saboda kuɗi suna shigo musu kullum kuma suna da iyaye a waje. Ƙananan masana'antu da yawa kuwa sun rufe ba tare da sunansu ya shiga wani rahoto ba.

Nan ne gizo yake saƙar. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san cewa lissafin Altman layi biyar ne, na Ohlson ma ɗalibi zai iya haɗa shi a yini guda. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne bayanan da za a koya wa manhajar. Beaver ya samu kamfanoni 79 ne saboda a ƙasarsu kamfanin da ya mutu yana barin littattafansa a inda mai bincike zai same su. Masana'antun da suka mutu tsakanin Kakuri da Kudenda, da na Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, sun isa a gina ma'auni na kanmu, wanda zai san nauyin dala da dizal da fasa-ƙwauri a rayuwar kamfani. Rahotanninsu na shekara-shekara, da takardun bashinsu, da ranar da suka fara jinkirta albashi, suna warwatse a ofisoshin bankuna da kotuna da Hukumar Rajistar Kamfanoni da kamfanin NNDC da ƙungiyar ƙwadago. Tattara su aiki ne da sashen koyar da akanta na jami'o'inmu na Zariya da Kano da Kaduna zai iya yi. Idan ba a yi ba, banki a Legas zai ci gaba da auna mai injin niƙa a Kudenda da ma'aunin da aka gina a wata ƙasa, ko kuma ya ga ba shi da bayani a kansa ya hana shi kawai. Ga kwamfuta, rashin tarihi da mummunan tarihi kusan abu ɗaya ne.

Sai kuma tambayar wa ma'aunin yake yi wa aiki. Tun daga Tappan, domin mai ba da bashi aka ƙirƙiro shi. Banki yana da jingina, yana ganin littafi, yana iya janye kuɗinsa da zarar maki ya fara sauka, janyewar ma takan gaggauta faɗuwar. Ma'aikacin da aka ce ya yi haƙuri da albashin wata uku, da manomin da ya ba da audugarsa sai an sayar da yadi, su ma bashi suka bayar, ba tare da jingina ba kuma ba tare da sun ga lissafi ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe fiye da shekara goma suna zarya suna neman haƙƙinsu daga gwamnatocin jihohin Arewa masu mallakar kamfanin, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Dokar fansho ta 2004 ta rage wannan haɗari, tun da kuɗin ma'aikaci yanzu a asusun da ba na kamfani ba ake tara su, idan har kamfanin yana zubawa.

Alamomi biyar na Altman ba sirri ba ne. Duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari yana wallafa rahotonsa a intanet, mai waya a hannu zai iya saukewa ya lissafa. Shugaban ƙungiyar ma'aikata da zai zauna teburin ciniki, da ɗan kasuwar da zai kai wa masana'anta masara ko auduga bashi, suna iya ƙara tambayoyi uku da tarihin Kaduna ya koyar: nawa ne cikin bashin kamfanin yake a dala, nawa yake kashewa a kan wuta, kuma shawarar wane ofishi a Abuja ce za ta iya rufe shi cikin dare ɗaya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma wanda aka ci nasa ya cancanci ya san lafiyar wanda ya ci.